Jibrin Maɗauri na Ƙofar Mazugal

A wani lungu da ke bayan Ƙofar Mazugal, dab da ganuwa, an yi wani mutum ana ce masa Jibrin Maɗauri. Gajere ne mai faɗin ƙirji, tafin hannunsa duk ya yi kanta. Tun yana saurayi sana'arsa ɗaya ce, ɗaure kayan raƙuma. Ba shi da raƙumi ko ɗaya, bai kuma taɓa wuce Damagaram ba. Amma shekara talatin, duk ayarin da ya tashi daga gidan Sidi Umar, wani Balarabe ɗan asalin Gadamus da ke zaune a cikin birnin Kano tun zamanin kakanninsa, da hannun Jibrin aka ɗaure kayansa.

Aikin ba na wasa ba ne. Jajayen fatun awaki da gashin jimina da turkuɗin Kura sai sun yi wata shida a bayan raƙumi kafin su ga Tarabulus. In gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kayan ya ci bayan raƙumi, raƙumi ya durƙushe a tsakiyar rairayi inda babu mai taimako. Jibrin ba ya neman ma'auni. Sai ya ɗaga wannan ɗauri, ya ɗaga wancan, ya ce a cire fata uku a mayar can. Madugai sukan ce ɗaurin Jibrin ba ya kwancewa sai an sa wuƙa.

Matarsa Asibi kaɗi take yi, tana aika zare kasuwar Kurmi. Sun haifi 'ya'ya shida, Allah ya bar musu ɗaya, Husaina, wadda ke aure a Ɗambatta. Ba su da dukiya, amma ba su taɓa wuni ba a ɗora tukunya ba.

Shekara takwas bayan zuwan Nasara, aka shimfiɗo dogo har gabashin birni, jirgin ƙasa ya iso. Jibrin ya je kallo kamar kowa, ya dawo yana ba Asibi labari yana dariya, wai ya ga tukunyar ƙarfe tana tafiya tana tari. Bai kawo komai a ransa ba.

Wata rana bayan azahar Sidi Umar ya aika a kira shi. Ya same shi a zaure shi kaɗai, babu fatu a jibge kamar yadda aka saba.

"Jibrin, bana babu ayari," in ji Sidi.

"To, Allah ya kai mu baɗi, Sidi."

"Baɗin ma babu. Fatar da na sa a jirgi ran Lahadi, kafin wata Lahadin tana Ikko. Daga can jirgin ruwa ya kwashe. Wa zai ƙara jiran wata shida?"

Jibrin ya ce, "Ai ko a jirgin ma, a ɗaure kaya ke tafiya."

Sidi ya girgiza kai. "Da ƙarfe suke ɗauri a can. Kuma tarago ba shi da bayan da zai yi miki, ko a karkace ka ɗora masa zai kai."

Bai sallame shi hannu rabbana ba. Ya ba shi jakuna biyu da mangalolinsu, ya ce ya je ya nemi abinci, ana maganar kantunan Nasara za su fara sayen gyaɗa.

Haka kuwa aka yi. Kakar nan Kano ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Hanyar Gezawa da ta Bichi da ta Ɗambatta suka cika da jakuna da takarkarai, kowa ya nufi tasha. Buhunan gyaɗa suka taru har jirgi ya kasa kwashewa. Jibrin ya haura hamsin a lokacin, gwiwarsa ta hagu tana damunsa, amma ya bi jakunansa ƙauye ƙauye yana ɗauko wa mutane gyaɗa. Ya saya wa Asibi zanen kanti, suka ci nama har ranar da ba Juma'a ba. Ya ce mata, "Ashe jirgin nan ba mugu ba ne."

Da damina ta zagayo, manoma da yawa suka rage gero suka ƙara gyaɗa. Sai ruwa ya makara. Da ya zo, ya yi 'yan kwanaki ya ɗauke. Gero ya ƙone a tsaye bai fid da kai ba, gyaɗar ma ba ta yi 'ya'ya ba. Kafin tsakiyar rani 'yan awo a Kurmi sun naɗe tabarminsu. Mutum ya zo da kuɗi a hannu ya zagaye kasuwa ya koma da ƙwaryarsa wayam. Yunwar nan ce mutane suka riƙa kira Kakalaba.

Gidan Jibrin na bakin ƙofa, don haka shi ya fara ganin masu shigowa daga arewa. Da farko da jakunansu suke zuwa da kayan ɗaki. Daga baya sai mutane kawai, a jere, ba mai magana. Wasu suna shigowa ƙofar sai su zauna a gindin ganuwa su huta, ba su sake tashi ba. Limamin unguwa ya daina aikawa a sanar da jana'iza, sai dai bayan kowace salla a tsaya a ga ko akwai.

A cikin irin waɗannan ne wata safiya Asibi ta ga wata mace da goyo ta tsaya a ƙofar gida ba ta yi sallama ba. Har ta buɗe baki za ta ce Allah ya ba da haƙuri, sai matar ta ce, "Inna, ni ce."

Husaina ce. Mijinta Ɗanladi ya tafi kudu neman hatsi wata biyu da suka wuce, babu shi babu labarinsa. Ta tako daga Ɗambatta kwana huɗu da jaririyarta Uwa, wadda ko kukan kirki ba ta iya yi, sai wani ɗan sauti kamar na mage.

Suka ci dusa har ta ƙare. Asibi ta shiga kududdufi tana tono bado, har ranar da ta tarar mata sun fi badon yawa. Jibrin ya je gidan Sidi Umar, ya iske mutum sama da hamsin zaune a ƙofa, aka ce rumbun gidan ya daɗe da ƙarewa, Sidi da kansa sau ɗaya yake ci. Ya juyo bai bari an gan shi ba.

Jakinsa ɗaya ya mutu a turke. Ɗayan, wani duna mai haƙuri, ya kai shi kasuwa ba wanda ya ko taya, don babu harawar da za a ba shi, babu kuma kayan da zai ɗauka. Jakin ya fara cin dangar gida, ya ci tsohuwar tabarma. Jibrin ya kasa kallo. Ya ja shi ya fita Mazugal, ya yi nisa sosai, ya kwance masa igiya ya ce, "Je ka nemi naka." Ya juyo gida. Yana isowa ƙofar gari ya ji takun kofato a bayansa. Ya ɗauki hoge ya jefe shi, ya sake jifa, jakin ya tsaya yana kallonsa kawai. Haka suka shigo tare. Kwana biyu jakin ya kwanta a ƙofar gida ya mutu, Jibrin ya rasa ƙarfin jansa waje sai da maƙwabta uku suka kama masa.

A makon nan ne magana ta bazu cewa jirgi zai kawo shinkafa daga Ikko. Jibrin ya shirya, ya ce zai je ya yi dako.

"Malam, da wane ƙarfin?" in ji Asibi. Ƙafafunta sun fara kumburi, tana zaune ta jingina da bango.

"Da wanda ya rage."

Daga Mazugal zuwa tasha tafiya ce mai nisa ga mai jin yunwa. Ya bi gefen ganuwa ya fita Ƙofar Wambai, ya ratsa Fagge, yana zama yana tashi. A tasha ya tarar da ɗaruruwan mutane. Wani helima mai suna Tanko, shugaban 'yan dako, shi ke zaɓen masu aiki. Ya dubi Jibrin sama da ƙasa ya ce, "Baba, ka koma gida. Buhun nan ya fi ka nauyi." Jirgin ma bai zo da komai ba ranar, sai wasiƙu da wasu Nasara biyu. Aka ce gobe.

Kwana tara yana wannan zirga-zirga. Kullum ya dawo, Asibi ba ta tambayarsa, hannunsa kawai take kallo. A rana ta shida nonon Husaina ya ƙafe. Suka riƙa ɗiga wa Uwa ruwan tsamiya da auduga.

Rana ta tara da hantsi jirgin ya iso, tarago shida a rufe. Jama'a suka yi kansa gaba ɗaya, 'yan doka suka tare su da bulala. Aka ce sai an sauke, an kai sito, sannan a san yadda za a raba. 'Yan dakon Tanko kansu yunwa ta ci su, aiki ya ƙi sauri. Jibrin ya kutsa ta ƙarƙashin igiya, ya shiga layinsu ya juya baya, wani ya ɗora masa buhu ba tare da ya duba ko waye ba.

Taku bakwai ya yi. Gwiwar hagu ta lanƙwashe, ya faɗi, buhun ya daki ƙarfen dogo ya fashe. Farar shinkafa ta watsu a kan tsakuwa. Mutane suka tsinke igiya suka afka, ana tattake shi, bulala na sauka ba wanda ya ji. Da aka kore su, rabin buhun ya tafi.

Tanko ya zo yana huci. "Ban ce maka ka tafi gida ba? Yanzu me zan ce wa akawu?"

Jibrin ya jawo buhun gabansa. Yana zaune a ƙasa, jini na zuba a goshinsa, ya zaro basillarsa daga cikin hula, ya warware zare daga bakin buhun, ya kama ɗinke yagar. Ɗinkin ya fito a jere, ya ƙulle bakin yadda ko ƙwaya ɗaya ba za ta fita ba. Tanko ya tsaya yana kallo. Ya ɗaga buhun ya jijjiga, ya ajiye.

"Baba, akwai irinsa sun fi arba'in a taragon ƙarshe, ƙugiyar jirgin ruwa ta yayyaga su. Ba ni da abin da zan biya ka. Amma abin da ya zube a ƙasan taragon, in ka share, ban gani ba."

Ya wuni a cikin taragon nan, ƙarfe ya ɗauki zafi kamar tanda. Sau biyu idonsa ya rufe ya farfaɗo. Da la'asar ya gama, ya share ƙasa da tafin hannu, ya bi kowace tsaga ta katako da tsinin basilla. Abin da ya tara ya kai mudu biyu, haɗe da ƙasa da baƙin kwal. Ya ƙulle a rawaninsa, ya ɗaura a ciki ƙarƙashin riga, ya rungume cikin kamar mai ciwo.

Hanyar gida ta fi komai wuya. Duk inda ya bi mutane ne a kwance. Bai kalli kowa ba. A bakin Ƙofar Wambai wata mata ta kamo ƙafarsa. Ba ta roƙe shi ba, ta dai kafa wa cikinsa ido, ya san ta gane. Ya fizge ƙafarsa ya wuce da sauri. Har ya mutu bai daina ba da labarin matar nan ba.

Asibi ta sheƙe shinkafar, ta wanke ta sau biyar, ta dama kunu mai ruwa-ruwa. Suka sha. Daga ranar Jibrin ya zama mai ɗinkin buhu a tasha, kullum yana dawowa da ɗan ƙulli, wata rana tafi biyu, wata rana babu. Bayan mako guda nonon Husaina ya dawo, Uwa ta yi kuka mai ƙarfi har maƙwabta suka leƙo.

Amma kumburin Asibi bai saɓe ba, sai hawa yake. Wata rana ya dawo da wuri ya iske ta tana juye ƙoƙonta a na Husaina, ita kuma Husaina ta juya baya tana shayarwa ba ta gani ba.

"Asibi, tun yaushe?"

"Malam, ni baki ɗaya nake ci wa. Ita kuwa baki biyu."

Ya zauna ya sa ta a gaba, ya ce sai ta sha nasa a gabansa. Ta kurɓi biyu don ta faranta masa, cikinta ya ƙi riƙewa. Kwana takwas bayan ruwan farko, gari ya yi kore tafasa ta tsiro a gindin ganuwa, Asibi ta rasu. Da zanen kantin nan aka rufe ta zuwa maƙabarta, don babu wani a gidan.

Ɗanladi bai dawo ba. Husaina ta zauna ta karɓi kaɗin uwarta, ta yaye Uwa. Jibrin ya ci gaba da ɗinkin buhu shekara goma sha ɗaya. Gyaɗa ta dawo ta ninka ta da, aka ƙara layukan dogo, kantuna suka yi yawa a Fagge, motoci suka fara shigowa da kaya. An san shi a tasha da wani ɗan benci a inuwar sito, da tarin buhuna a gabansa, ba ya yawan magana.

Wata shekara kafin rasuwar Jibrin, Tanko ya ce abin kunya ne a ce mutum ya tsufa a tasha bai taɓa hawa jirgi ba. Ya roƙi mai gadin tarago, aka ɗauki Jibrin zuwa Challawa, tasha ta farko. Ya zauna a kan buhu ya riƙe katako da hannu biyu har aka tsaya. Ya sauka, ya sha ruwa, ya ƙi jiran jirgin dawowa, ya tako a ƙasa ya iso gida gab da magariba. Husaina ta tambaye shi yadda ya ji.

Ya ce, "Yana da sauri. Ba ni ruwa in yi alwala."