Geron da na auna gaban sufeto

Abubuwa da yawa na aikin koyarwa sun sha mini kai, amma safiyar da sufeto ya zo duba ni a Garwa ta Kamaru tana nan daram a raina. Zamanin Ahidjo ne, ina sabon malamin lissafi a wata kwalejin gwamnati. Ga wanda bai san tsarin ba, sabon malami ba ya zama cikakken ma'aikaci sai sufeto ya zauna a ajinsa ya ga darasi guda daga farko har ƙarshe. In ya gamsu a tabbatar da kai, in bai gamsu ba ka jira baɗi.

Darasin da ya faɗo mini shi ne auna cikin mazurari, wannan siffar mai kama da malafar makiyaya, wadda muke kira kon da Faransanci. Ƙa'idar ba ta da wuya. Mazurari yana ɗaukar kashi ɗaya cikin uku na abin da gwangwani mai faɗinsa da tsayinsa zai ɗauka. Na zaɓi mai santimita shida daga tsakiyar baki zuwa gefe, tsayi goma. Shida sau shida sau goma, a raba uku, amsa ita ce ɗari da ashirin sau pi, a bar pi a yadda take ba a juya ta lamba ba.

Ni kuwa lokacin akwai son burgewa. Na ce allo kaɗai bai isa ba, sai yara sun gani da idonsu. Na je wajen wani maƙerin gwangwani a kasuwa ya ƙera mini mazurari mai toshe da gwangwaninsa. A gida na gwada da ruwa, zubi uku cif gwangwani ya cika, har ina yi wa kaina kirari.

Da safen, daraktan kwalejin ya gan ni da bokiti ya tare ni a baranda.

"Misye Garba, ruwa za ka malala mini a aji gaban baƙo daga Yawunde?"

"Ranka ya daɗe, gwaji ne kawai."

"Ba da ruwa ba. A ɗebo maka gero a gidana."

Ban ga abin gardama ba, awo ai awo ne.

Sufeton mutumin kudu ne, ba ya jin Hausa ba ya jin Fulatanci. Ya zauna a bayan aji ya harɗe ƙafa. Na yi bayani a allo lafiya lau, sannan na ɗauki mazurari na nutsa shi cikin gero na juye a gwangwani. Na sake. Ina cikin juye na uku, ko rabi ban kai ba, gwangwani ya cika gero ya tsiyaye bisa tebur har ƙasa.

Na juye na sake daga farko, abin da ya faru ɗazu ya sake faruwa. Wata ɗaliba a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Misye, ke nan biyu da rabi ne, ba uku ba?" Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Zufa ta jiƙa mini riga, na tsaya ina kallon gwangwanin.

Sufeto ya taso a hankali. Ya cika mazurarin, ya ɗauki rulata ya shafe bakin, tozon geron ya zube. Ya yi haka sau uku, gwangwani ya cika daidai, ko ƙwaya ba ta faɗi ba. Sai a lokacin na gane. Ruwa ba ya tozo, gero kuwa hannuna da kansa yake tula shi, don tun ina yaro ban taɓa ganin an auna hatsi a shafe ba. Kuma tozon nan shi ma ɗan mazurari ne zaune bisa babba, a gaban idona, ni malamin lissafi.

Yara suka fara gunaguni, ina jin "ya shafe mudu" daga baya. Sufeto ya juyo ya tambaye ni me suke cewa. Da bakina na fassara masa cewa a kasuwarmu mai shafe awo macuci ne. Bai yi dariya ba. Ya ce, "Kun zo da kasuwarku aji ke nan. Sai baɗi, Misye."

Da yamma na je gida. Mahaifiyata hatsi take sayarwa, kuma ta riga ta shaida wa maƙwabta cewa yau za a tabbatar da ɗanta. Ta tambaye ni laifin me na yi, na ce na cika awo da tozo. Ta dube ni ta ce, "To da so suke ka shafe? Abin da kuke koya wa 'ya'yan mutane ke nan?" Kunyar safe daban, wannan daban.

Shekarar da ta biyo baya na ci, da ruwa na auna. Abin da nake faɗa wa sababbin malamai shi ne, yaro ba ya shigo aji hannu wofi, kai ma haka. Da awon gidanku kake zuwa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Ni dai daga ranar, kafin in ɗora rula a bakin mazurari, sai na fara ce wa yara wannan awon allo ne, kada wanda ya kai shi rumfar uwarsa.