Injin da Yaya Nasiru Ya Ɗaura

Shekara shida ke nan cif da rasuwar yayana Nasiru, ranar wata Alhamis bayan la'asar, a kan hanya tsakanin Dalijan da Gwandu. Bakanike ne a Kalgo. Ni kuwa ƙanensa ne da ban taɓa riƙe sifana ba; littafi na sani, shi ya kai ni jami'a a wannan garin da ya yi sana'arsa.

Aikin da aka san shi da shi ɗaya ne. Direban haya da ke son ya yi sawu uku a rana maimakon biyu sai ya kawo masa ƙaramar motarsa. Yaya ya sauke injinta, ya ɗaura mata babba ɗan Kwatano, ya taɓa salansar hayaƙinta. Mota ta fito tana cin hanya kamar ba ita ba. Amma babban inji yana son babban birki, kuma direba ba ya iya sayen biyun a lokaci guda. Don haka al'adar garejin ita ce a fara da inji, a bar mota ta nemo kuɗin birkinta da kanta. Kowa ya san haka, ba wanda yake ganin laifi ne. Yaya kan bi direba har bakin titi yana cewa, "Ka dawo mini da ita, ban gama ba." Wasu sukan dawo.

Ranar da abin ya faru, wata mota ce ya gama ɗaura wa inji, ya ce zai gwada ta zuwa gida, Gwandu. A hanya ya rage wa wata mata 'yar Malisa tafiya. Shanu suka ratso titi, ya taka birki, birkin ya yi iya abin da aka ƙera shi ya yi. Yaya bai kai asibiti ba. Matar ta rayu, amma har yau da sanda take tafiya.

Bayan sadakar arba'in, Baffanmu ya tafi da ni ofishin inshora tare da mai motar, saboda ni ke karanta Turanci. Ana fatan ko matar za ta sami abin jinya. Ma'aikacin bai yi mana wulaƙanci ba. Ya ajiye takardar mota, ya ajiye hoton lambar inji kusa da ita, ya juyo mana su. Lambobin ba ɗaya ba ne. Ya ce wanda ya sauya inji wajibi ne ya sanar da ofishin lasin da su ma, kuma ba a yi ba. Motar da suka ɗauki nauyinta ba ita ce ta yi haɗari ba. Na daɗe ina juya wannan magana. A takarda, motar da yayana ya rasu a cikinta ba ta taɓa wanzuwa ba. Ƙaramin injin da takardar ta sani kuwa yana nan lafiya, yana jan ruwa a wata fadama. Na kwafi lambobin biyu a bangon littafina, na duba su sau uku.

Bara Innarmu ta fara wani abu. Da hantsi, tana cikin tankaɗe, sai ta tsaya da rariya a hannu ta ce, "Ga Nasiru nan." Ta saurara, sannan ta ci gaba da aikinta. Muka ɗauka kewa ce. Da na zo hutu, ina zaune a zaure da littafi, na ji da kunnena. Wata mota ta sha kwanar bayan gidanmu, ƙararta ta nutse kamar mai haɗiye numfashi, sannan ta tashi a hankali. Haka duk injin da ya bi ta hannunsa yake yi in an sauya giya, amma wannan har da wata 'yar rawar murya a ƙarshe, wadda sau ɗaya na taɓa ji: ranar Laraba, ana gobe zai rasu, a garejinsa, da na biya karɓar saƙon Inna yana kunna injin motar da ya rasu a cikinta.

Na koma Kalgo na nemi motar a tasha. Na same ta, fara, ta ma fi waccan ƙanƙanta. Mako uku ina zuwa ina tsayawa gindin wata bishiya, na kasa yi wa direban magana. Sunansa Malam Hali, dattijo mai yawan raha. Wata safiya ya buɗe gaban motar zai ƙara ruwa, na matso na leƙa, na goge maiƙon kan lambar injin da yatsa. Ban buƙaci littafina ba; lambar nan ce. Ashe gangar jikin waccan motar ce kawai aka sayar wa 'yan gwangwan. Injin ko ƙwarzane bai yi ba. An wanke shi, ya bi mota biyu, ga shi a ta uku.

Ban gaya wa Inna ba. Ban san yadda ake gaya wa uwa cewa ba ruɗewa ta yi ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga garejin yau. Yanzu matasa na jona kwamfuta a mota su ƙara mata gudu ba tare da an kwance ƙusa ɗaya ba, kuma ba lambar da za ta tona. Masu kuɗi na biya don motarsu ta yi ruri a ayarin biki. Na san zai koya, zai ma fi su. Abin da ban sani ba shi ne ko da zai fara da birki.

"Kai ɗan makaranta, mi kake nema cikin hanjin motata?" in ji Malam Hali a waccan safiyar. "Ko jarrabawa anka aza muku bisa ita?"

Na gaishe shi, na tambaya ko an sauya mata birki.

"Birkinta na asali na. Wanga inji kau alheri na, tun da na sa shi ban kwana hanya ba."

Mutum shida na zaune a ciki, har da mai goyo. Na rage murya na gaya masa komai. Ya daina murmushi. Ya rufe gaban motar a hankali, ya ce rai na Allah ne, na ce haka ne. Ya dube ni ya ce, "Shiga gaba."

Na shiga. Tun daga Kalgo ƙafata ke danna ƙasan motar, inda babu abin takawa. Bayan mun wuce Dalijan, wurin wata tsamiya da ta karkato, sai na ji ya ɗaga ƙafa daga totur, mota ta lafa. Titi fayau, ba rami, ba saniya. Ban gaya masa wurin ba.

"Nan na, ko?" ya ce, bai kalle ni ba. "Wata takwas kullum nan ƙahwata ka tashi da kanta. Na aza tsufa na."

Ba ni da bayanin wannan, kuma ba zan ƙirƙiro ba. Wataƙila ya ga fuskata ce. Na dai rubuta abin da na gani.

Mako biyu bayan haka ya sauya birkin gaba. Na baya yana nan yadda yake, takardu ma haka, kuma kullum mutum shida ne a ciki.

In na auna abin da Yaya Nasiru ya bari, ba gida ba ne, ba 'ya'ya ba. Ya bar aiki mai kyau wanda shekara shida ba su gajiyar da shi ba, ya kuma bar rabin aikin da bai kai ga yi ba, a motocin da ban san adadinsu ba. Allah Ya gafarta masa, Ya ba matar nan ta Malisa sauƙi. Ni da gaisuwa ke yi wa nauyi, yanzu duk Juma'a ina tashar Kalgo ina leƙa ƙarƙashin motocin mutane. Direbobi na yi mini dariya, suna cewa ga malamin birki ya iso. Na samo huɗu daga cikin motocin Yaya zuwa yanzu.