Hulunan Kwano a Kan Shingen Maƙabarta

Da hantsin ranar Lahadi, 14 ga watan Satumba, Nahum Brodkin ya kira ni a waya ya ce, "Kawu Gershon, Baba ya tafi." Na faɗi abin da ake faɗa, albarka ta tabbata ga Alƙalin gaskiya, sannan na nemi wuri na zauna. Hershel Brodkin ya rasu a gidan ɗansa, a wani ƙaramin gari can ƙuryar arewacin Michigan, bayan jinyar ciwon zuciya. Ya haura shekara tamanin, kuma har bazarar da ta wuce yana hawa babur.

Hershel, duk cikin mahaya babu wanda ya hana ni abin da nake so kamarka, kuma babu wanda na ƙaunata kamarka.

Mun haɗu ne a taron shekara na Gamayyar Yahudawa Mahaya Babur. Kai ne shugaban Zakunan Tafki, kulob ɗin Milwaukee. Ni kuwa na taso ni kaɗai daga Minot ta Dakota ta Arewa, inda Bayahude mai babur ba ya wuce wanda nake gani a madubi. Dokar Gamayya a fili take: kulob ne ke shiga, mutum ɗaya ba ya shiga, kuma ba a kiran kulob kulob sai ya kai mutum biyar. Saboda haka a matsayin baƙo na zauna, ba ni da ƙuri'a, ba ni da tambari a bayan rigata. Na roƙi wani ya gabatar mini da ƙuduri cewa a buɗe ƙofa ga wanda yake shi kaɗai. Ana gama karantawa ka miƙe, da ƙaton gemunka da muryarka mai kama da tsohon salansa, ka yi wa ƙudurin kaca-kaca.

Hujjarka ba ta taɓa canjawa ba. Ka ce kulob shi ne mutanen da za su lura idan ba ka iso wurin shan mai ba, su juya su neme ka a cikin rami. Ka ce ranar da kowa zai iya shiga shi kaɗai daga ɗakinsa, ba wanda zai sake wahalar haƙuri da ɗan'uwansa, kulob-kulob su mutu, a bar mu da tarin mutanen da ba su san juna ba. Da aka fito shan shayi na tare ka.

"To ni ina zan samo mutum huɗu, tsoho? Cikin shanun maƙwabcina?"

"Idan sun iya canja giya, kawo su mu duba," ka ce. Ka tura mini rabin burodinka da bandar kifi, ka karɓi lambar wayata.

Haka muka yi ta yi shekara da shekaru. In kawo ƙuduri, ka kayar da shi, mu ci abinci a tebur ɗaya. Ba zan ɓoye ba, abin yana mini ciwo. Sau da yawa na koma gida ina zaginka a cikin hular kwano tun daga iyakar Wisconsin har ƙofar gidana.

Sai ga shekarar da mahaifiyata ta rasu, jim kaɗan bayan ka sake kayar da ni. Na zauna makoki a falo, na rufe madubai bisa al'adarmu, amma Kadish, addu'ar da ake yi wa mamaci, ba ta yiwuwa sai da maza goma, mu kuwa a gidan mu uku ne. Na riga na haƙura cewa Inna za ta tafi ba a yi mata ba. Ana tsaka da ruwan sama da rana na ji gidan yana rawa. Na leƙa taga, sai ga Zakunan Tafki sun cika layin, kowa jiƙe sharkaf. Kakanninmu sun hana a ƙirga mutane da yatsa, don haka ka sa kowa ya ɗora hular kwanonsa a kan dakali, ka bi su kana ƙirgawa, ka haɗa da hulunanmu na gida. Da lissafi ya cika ka juyo kana ɗigar ruwa a kan dardumar mahaifiyata.

"Tashi ka yi wa tsohuwa addu'a. Amma kada ka ɗauka na canja ra'ayi, ka ji ko?"

Ba ka canja ba kuwa. Kun kwana a garejina har makoki ya ƙare, kun cinye duk abin da ke cikin firji, kun gyara mini famfon da ya daɗe yana yoyo. Shekara na zagayowa ka sake miƙewa a taro ka kayar da ni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne da tsufa ya cim ma Zakuna. Wasu sun rasu, wasu sun gudu Florida neman rana, ɗaya matarsa ta sayar da babur ɗin yana kwance a asibiti. Kai ma ƙafa ta fara ƙi, Nahum ya ɗauke ku, kai da mai ɗakinka Faiga, zuwa garin da yake aikin likita. A taron wannan shekarar ka nemi izinin magana, ka ce Zakunan Tafki saura mutum uku, kuma doka ta ce biyar. Ba wanda ya tambaye ka, ba kuma wanda zai taɓa tambayarka. Ka cire rigar fatarka, ka zaro 'yar wuƙa, ka farke ɗinkin tambarin Gamayya a gaban kowa, ka ajiye shi a kan tebur. Na bi ka waje raina a ɓace.

"Hershel, wannan wane irin taurin kai ne? Ka goyi bayan ƙudurina yau ɗin nan, ka zauna a kujerarka!"

"Wato da ta ciji wasu doka ce, da ta cije ni kuma ta zama kuskure? Haba Gershon. Samo mini kujera a layin baƙi, kusa da taka. Can ma ai ana jin magana."

A ranar na gane cewa duk shekarun nan ba ƙyamata kake yi ba. Ka yarda da abin da kake faɗa har zuciyarka, kuma da ya zo kanka ka biya ba tare da ƙorafi ba.

Da Nahum ya kira ni ranar Lahadin nan, bayan labarin rasuwar ya faɗa mini abin da ke damunsa. A garinsu Yahudawa maza da suka rage, shi ne da wasu dattawa biyu. Zakunan da ke raye ba mai iya tafiya. Mutumin da ya kai wa wasu goma har gida zai shiga ƙasa ba goma a kansa. Na ce masa ina hanya, ko da yake na san zuwana ba zai cika komai ba.

Ranar Talata na isa maƙabartar, sai na tarar da babura a ƙarƙashin itatuwa, masu lambar Iowa da Nebraska da Montana, har da ta Ontario. Na san fuskokin, 'yan layin baƙi ne, waɗanda ka kayar da ƙudurinmu shekara da shekaru. Ba wanda ya ce a yi, kowa ya cire hular kwanonsa ya rataye a kan shinge. Faiga ta taka da sandarta tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Ta kai goma ba ta tsaya ba. Nahum ya yi Kadish, muka amsa masa da ƙarfi, sannan muka bi layi muna zuba ƙasa, kowa ya fara da bayan shebur kamar yadda aka saba, don a san ba da son ranmu muke rufe ka ba.

A gidan makoki ne Faiga ta tona ka. Ni na ɗauka ni kaɗai kake kira duk Juma'a kafin a kunna kyandir na shigar ranar hutun Asabar, ka tambayi lafiyar gwiwata, ka ce akwai wani mahaukaci irina a Nebraska, in neme shi. Ashe kowannenmu haka ya ɗauka. "Duk ku kuka cinye mini Juma'ata," in ji ta. "Miya tana hucewa, shi yana can yana haɗa marayun babur." Ta ɗauko rigar fatarka ta nuna mana. Inda tambarin yake a da, fatar ta fi sauran baƙi, rana ba ta taɓa ta ba.

Muka dubi juna a falon, mun fi biyar nesa ba kusa ba, kowa yana da lambar kowa. Ashe mutum huɗun da ka ce in nemo, kai ka yi ta nemo mini su. Kafin mu watse mun zama kulob, kuma da sunanka za mu shiga Gamayya. Ka ci ni, tsoho.

Amma kada ka ɗauka na canja ra'ayi. Akwai wani can a wani gari shi kaɗai, kuma yanzu babu mai kiransa ranar Juma'a. Saboda shi zan sake kawo ƙudurina a taro mai zuwa, wannan karon da ƙuri'ata a hannu. Abin da nake tsoro shi ne a gama karantawa, a tambaya ko akwai mai ja, in waiwaya layin baƙi in ga kujerarka babu kowa.

Ya Ubangiji mai cikar rahama, ka ba wa ran Hershel ɗan Zalman hutu a ƙarƙashin inuwarka, ka yafe masa kurakuransa, ka haɗa shi da salihan bayinka. Zuwa ga Faiga, da Nahum da iyalinsa, da Zakunan Tafki biyu da suka rage, Allah ya sanyaya zukatanku tare da sauran masu makokin Sihiyona da Urushalima. Allah ya sa ambatonsa ya zama albarka gare mu baki ɗaya. Amin.

Gershon Lubin, Minot