Watanda a Bayan Kasuwar Chow Kit

Ranar Asabar ce, saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, a shekarar farko ta annobar korona, da misalin ƙarfe tara na safe. Mu huɗu ne a farfajiyar bayan wani kedai, wato shago, a Chow Kit: ni, da Farfesa, da Fasto, da Maman 'yan biyu. Kowa da takunkumi a fuska. A tsakiyarmu an shimfiɗa babbar leda a ƙasa, gefe kuma ga naman sa guda a cikin robobi, an kawo shi daga mayanka da sassafe.

Watanda muka zo yi. Mutanenmu na Kuala Lumpur sau biyu suke yin ta a shekara, da Babbar Sallah da kuma Kirsimeti. Musulmi ne ke yankawa, kowa kuma ya ci. A da, farfajiyar nan cika take yi da mata da yara da gardamar siyasar gida. A waccan shekarar an hana taro, sai aka ce mu huɗu mu kasa, masu babur su kai wa kowa nasa.

Ba don nama kaɗai aka zaɓo mu ba. Mu ne kwamitin makaranta, kuma muna da maganar da ta ƙi ƙarewa a waya.

Makarantun gwamnati a can ba kasafai suke ɗaukar ɗan baƙo ba. 'Yan kasuwarmu na Chow Kit sun daɗe da wata 'yar cibiya ta firamare a saman bene, amma idan yaro ya gama, shi ke nan, sai zaman shago. Mu na Lembah Pantai, malaman jami'a da masu karatun digiri na gaba da ma'aikata irina, makarantun kuɗi muke kai namu. Da annoba ta zo, tallafin karatu ya tsaya, aiki ya ja baya, da yawanmu muka cire yara. A karon farko sai ga shi damuwarmu ta zama ɗaya da ta 'yan kasuwa. Aka yanke a buɗe sakandare tamu. A takarda sunanta cibiyar karatu, amma ba wanda ya taɓa kiran ta haka.

Wuri biyu aka samu. Ɗaya a Pantai Dalam, can ɓangarenmu na jami'a, falo mai faɗi da tagogi ta kowane ɓangare, iska na ratsa shi. Ɗaya a nan Chow Kit, saman wani shagon yadi, dogo ne siriri, ƙarnin kifin kasuwa na hawowa ta matakala. Da babu dokar tazara, da na Pantai Dalam ya ishe mu. Amma da aka ce sai an bar fili tsakanin kujera da kujera, ba wanda zai ɗauki yaran duka. Dole a buɗe biyun, a raba yara.

Farfesa injiniya ne, mutumin Kano, gashinsa ya yi fari fat. Shi ya zana mana taswira: kowane yaro ya tafi ɗakin da ya fi kusa da gidansu. Layin rabon ya fito tsaf, ba mai iya kushe shi. Sai dai duk wanda ya dube shi ya san abin da ya haifar. 'Ya'yan jami'a duka sun faɗa falon nan mai iska, tare da malaman sa-kai da ke zaune a unguwar, wato masu lissafi da kimiyya. 'Ya'yan kasuwa da na mutanenmu da ke can unguwar Taman Melati sun faɗa saman shagon yadi, da duk malamin da aka samu. Ba wanda ya furta wannan a taron waya. Ana ta cewa “za a duba.”

Ni kuwa layin ya yi mini daidai. 'Yata ta fari za ta shiga aji ɗaya, kuma tana da asma tun tana ƙarama. Daga gidanmu zuwa falon Pantai Dalam tafiyar ƙafa ce, kafin shayi ya huce ta isa. Zuwa Chow Kit kuwa jirgin ƙasa biyu ne, a lokacin da kowa ke tsoron numfashin na kusa da shi. Mahaifiyarta ta riga ta ce mini da safen nan, “Ka je ka sa hannu a wuce wurin. Kada ka bari a sake buɗe zancen.”

Farfesa ya naɗe hannun riga, ya durƙusa. Shi ke kasa mana watanda tun kafin in zo ƙasar. Ya taɓa gaya mini cewa a gidan fawa ya tashi, kuma kafin ya iya rubuta sunansa ya iya raba haƙarƙari.

Na sha ganin sa yana yi, amma cikin hayaniya. Ranar babu hayaniya. Titin da aka saba jin ƙarar motoci da masu talla ya yi tsit, sai jirgin ƙasan nan mai bi ta saman titi da ke wucewa jefi-jefi kusan fanko. A cikin wannan shirun na ga aikin sosai. Ba ya amfani da sikeli. Yakan ɗauki tsoka, ya jinjina ta a tafin hannu, ya ajiye. Ya zagaya da cinya har ta ƙare, sannan ya koma ta baya da ƙashi, yadda wanda ya fara samun tsoka mai kyau shi zai samu ƙashi mai nauyi. Hanta ya yanka ta ƙanana, kowane kashi ya samu. Haka tumbi, haka ƙoda, haka kitse. Tozo da kowa ke so bai bar shi dunƙule ba. Wani lokaci ya miƙe, ya ja da baya, ya ƙura wa ledar ido, ya dawo ya ɗauke ɗan yanka daga nan ya mayar can. Ni ban ga bambancin da ya gani ba, kafin ya gyara da bayan ya gyara. Aikina a rediyo ya koya mini auna magana da daƙiƙa, na kuma ɗauka na san daidaito. Ban taɓa ganin hannu ya yi irin wannan adalci ba.

Fasto, mutumin kudancin Kaduna, yana riƙe da ledoji yana jira. “Farfesa, wannan na gefe kamar ya fi kitse fa.”

“Idonka ne ke da kitse, Fasto. Azumi ya kamace ka.”

“Ni da nake jiran Kirsimeti?”

Da aka gama, saura ƙuri'a. Ƙa'idar ita ce kowane gida ya ba da alama, a miƙa wa wanda bai san ta wane ce ba, ya ɗora a kan kashi. Ni kuwa na ƙagu in tafi. Rana ta ɗaga, mutane sun fara wucewa ta lungun, kuma ana cin tarar masu taruwa. Sai na ce, “Ranka ya daɗe, tunda duk ɗaya ne, mu huɗun kowa ya ɗauki na gabansa, sauran a ɗaure a aika.”

Ko ɗagowa bai yi ba. “Ba a yi. A watanda ba a ɗaukar na kusa, Malam. In aka fara haka, gobe kowa zai zo ya tsugunna kusa da cinya.”

Maman 'yan biyu ta kwashe da dariya a bayan takunkuminta. 'Yar Jos ce, tana sayar da abinci a lungun, 'yan makaranta na zuwa yin tapau ɗin shinkafarta, wato a ƙunshe musu su tafi da ita, har daga Taman Melati. Tagwayenta mata ne, sa'o'in 'yata.

“To Baba,” in ji ta, “ashe nama ya fi yaranmu gata.”

Farfesa ya tsaya a durƙushe, hannuwansa a kan gwiwa, jini na bushewa a yatsunsa. Na zaci zai ji haushi, domin taswirar nan ya ɓata mata lokaci. Sai ya ce wa Fasto, “Miƙo mini kwalin can.”

Aka yayyaga kwali ƙanana. Ya sa na rubuta sunan kowane yaro a guda, da sunan kowane malami. Ya wanke hannu, ya share wani gefe na siminti, ya sake durƙusawa.

“Maman 'yan biyu, ni ban san na kasuwa ba. Ki tsaya nan ki gaya mini.”

Haka suka yi ta. Ya ɗauki kwali, ta ce, “Wannan kansa na ja, amma ba ya zama.” Ya ajiye a dama. Ya ɗauki wani, Fasto ya ce, “Wannan shiru-shiru ce, sai an tambaye ta.” Ya ajiye a hagu. Ya zagaya da 'ya'yan jami'a har suka ƙare, ya dawo ta baya da na kasuwa, sannan na Taman Melati. Fasto ya tuna mana cewa daga Taman Melati jirgi ɗaya ne ke kai mutum har gefen jami'a ba sauyi, don haka nisan da ke kan taswira ba shi ne nisan da ƙafa ke ji ba. 'Yan'uwa ba a raba su ba. Masu ƙiriniya kuwa an raba su, har da 'yar gardama kan wane ne shugabansu. Da aka zo kan malamai, mai kimiyya ya tafi dama. Farfesa ya ɗauki kwalin da ke da sunansa, domin shi zai koyar da lissafi, ya jinjina shi a hannu kamar yadda ya yi wa tsoka.

“Wannan ƙashi ne ko hanta?” in ji Fasto.

“Tsohon sa ne. Sai an daɗe ana dafawa.” Ya jefa shi hagu.

Ina kallo ya ɗauki sunan 'yata. Ya san tana da asma, ya taɓa kai mu asibiti da motarsa. Ya ɗan dakata, ya dube ni. Na san abin da yake tambaya. Da na ce a ware ta, da ya ware, kuma da Maman 'yan biyu ce za ta fara cewa a ware. Amma na san gidajen unguwarmu. Akwai mai ciwon ƙafa, akwai wadda uwarta ke aikin dare, akwai wanda ubansa ya ba da kujeru. Idan ɗan kwamiti ya fara cire tasa, kafin la'asar layin nan ya dawo inda yake. Ban ce komai ba. Ya ajiye ta a hagu, tare da tagwaye.

Yanzu kashi biyu ne a ƙasa, kuma da na bi su da ido na kasa cewa ga wanda ya fi. Abin da ya rage shi ne wane kashi zai tafi wane ɗaki. In hagu ta faɗa Pantai Dalam, 'yata za ta taka da ƙafa, tagwaye su hau jirgi. In ta faɗa Chow Kit, tagwaye su tsallaka titi, tawa ta hau jirgi. Ni da Maman 'yan biyu muka dubi juna, kowa ya kau da kai.

Makullan ɗakunan biyu suna aljihun Fasto. Ya cire musu alama, ya leƙa cikin kedai ya kira mai wurin, wata dattijuwa 'yar ƙasar da muke ce wa Makcik. Ba ta jin Hausa, amma ta sha jefa mana ƙuri'ar nama. Ta fito tana goge hannu, ta dubi guntayen kwali a ƙasa, ta dube mu.

“Wannan ma nama ne?” ta tambaya da Malayanci.

Fasto ya ce mata yara ne.

Ta koma ciki ta wanke hannu, abin da ba ta taɓa yi wa nama ba. Ta dawo ta karɓi makullan, ta yi bismillah a hankali, ta sunkuya ta ɗora ɗaya a dama, ɗaya a hagu.

Fasto ya ɗauki na hagu, ya juya shi, ya gane shi. “Chow Kit.”

Na tsaya ina kallon makullin, ƙaramin abu mai tsatsa a baki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban sami wanda zan ji haushinsa ba. Na duba ko'ina a zuciyata, babu. Na ga kowane mataki da idona.

Farfesa ya miƙe da ƙyar, yana dafa bango. “To, ni ma na zama ɗan kasuwa. Malam, jirgi ɗaya za mu riƙa hawa da ita. Ni zan zaunar da ita wajen da ba cunkoso.”

“Abincin rana kuma a wurina,” in ji Maman 'yan biyu. “Ka gaya wa mamanta kada ta wahalar da kanta da kular abinci. Yaji take ci?”

“Kaɗan.”

“Za ta koya lah,” in ji ta, da irin salon maganar 'yan ƙasar.

Sannan aka jefa ƙuri'ar nama, aka ɗaure ledoji, masu babur suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya.

A gida na ajiye naman a kicin, na faɗi abin da ya faru yadda ya faru. Mahaifiyarta ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ni ko an ba ni dama in cire ta. Na ce an ba ni. Ta ɗauki wuƙa ta fara gyara naman, ba ta sake yi mini magana ba sai washegari, lokacin da ta ce in nemo likitan yarinyar a waya. Likita ya ce ta tafi, da takunkumi mai kyau da abin shaƙarta a aljihu, kuma ta guji jirgin da ya cika. Ita yarinyar abu ɗaya ta tambaya, da Turanci kamar kullum: ko gaskiya ne tagwayen nan ba a iya bambanta su.

Da aka sanar da iyaye, wasu gidaje a unguwarmu sun janye yaransu, suka koma karatu ta kwamfuta. Mafi yawa sun zauna. Wata sabuwar dokar kulle ta jinkirta buɗewa, sai bayan watanni aka fara. A makon farko mahaifiyarta ce ta riƙa raka ta har ƙofar shagon yadi, daga baya ta bar wa Farfesa. Yarinyar ta yi 'yan makonni tana hawan jirgi biyu safe da yamma, asmar ta tashi mata sau ɗaya a aji, Maman 'yan biyu ta hau bene ta zauna da ita har na iso. Sannan aka sake rufe makarantun gari baki ɗaya. Da aka buɗe a ƙarshen shekara, ba a sake rabon ba, kowane kashi ya koma ɗakinsa.