Yatsun da Suka Taɓa Kohinur

Ranar da na kai wa ƙanena Gasita murjanin auren 'yarsa Rajjo, sai da matan unguwarmu ta Ƙofar Dilli suka leƙo ta taga. Na zube masa duwatsun a faranti, na ajiye alharini ja, na ce, "Ga shi nan, ka shirya mata. Bikin bayan salla ne."

Ko kallon farantin bai yi ba. Ya ɗaga yatsunsa sama kamar amaryar da ke jiran lalle ya bushe.

"Yaya, hannun da ya taɓa Kohinur ba ya taɓa murjani."

"Amma yana taɓa gurasata," na ce. "Jiya ma har da suɗe kwano."

Mu gidan masu tuƙa ne tun kaka da kakanni. Igiyar alharini, tuntu, shirin duwatsun wuya, duk birninmu na Lahor an san ƙullin gidanmu. Kowane gida da nasa ƙullin, kuma dangin ango ba makafi ba ne. Da an kai amarya sai su juya abin wuyanta su duba ƙeya. In suka ga ƙullin wani gida a wuyan 'yar mai tuƙa, ta shiga bakinsu ke nan har ta tsufa. Uwar Rajjo ta rasu, ni kuma ba a koya wa mata ƙullin, don kada mu tafi da shi gidan miji. Saura Gasita.

Da can ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Abin da ya lalata shi wuni guda ne. Zamanin da sarkin Lahor ke ɗaura babban lu'ulu'un nan Kohinur a damtse, igiyar ta tsufa, babban mai tuƙan fada kuma zazzaɓi ya kayar da shi, sai aka aiko a kawo ko wane ne. Aka sami Gasita a bakin rumfa yana hamma. Ya yi aikin da masu takubba tsaye a kansa. Ya ce zai gwada faɗin dutsen, ya danna kakin zuman da muke shafa wa zare a fuskar dutsen, kakin ya fito da rami daidai girman dutsen.

Tun daga ranar bai ƙara ɗaukar zare ba. Ya naɗe kakin a ƙyalle ya rataya cikin sabuwar randarmu don kada zafi ya narkar da shi, mu muka koma shan ruwa mai ɗumi. Duk wanda ya zo, sai ya nuna masa ramin. Rami fa! Turawa suka ci gari, suka haye teku da dutsen, Gasita ya ce dutsen zai dawo, kuma in ya dawo wa za a nema? Matarsa ta yi ta gurzar auduga har ƙirjinta ya ƙare, shi yana shafa wa yatsu man ridi.

Bayan faɗan namu da 'yan kwanaki, wani ɗan Kashmir mai sayar da mayafai ya dawo daga ƙasar Turawa da kwaikwayon dutsen na gilashi, ya kafa a rumfarsa don jawo masu saye. Na ja Gasita har can, da kakinsa a hammata.

"Ranka ya daɗe," na ce wa mai rumfar, "ga wazirin Kohinur ya zo gaisuwa."

Mutumin ya yi dariya ya ba mu labari. Wai da aka nuna dutsen a can cikin keji, jama'a suka yi ta tsaki, suka ce bai fi fasasshen tulun turare ba. Sai aka kirawo wasu masu wasa duwatsu daga wata ƙasa, suka yi ta goga shi a kan faifan ƙarfe har suka cinye kusan rabinsa. Yanzu yana ƙyalli, sarauniyarsu na maƙala shi a ƙirji da allura.

"Da allura?" in ji Gasita. "To igiyar fa?"

"Wace igiya, baba?"

Ya warware ƙyallen, ya sa gilashin cikin ramin. Abin ya riƙa yawo a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Yara suka fashe da dariya. Wani mai sayar da nono ya ce, "Baba, ƙara kaki mana ya cika!"

Muka koma gida. Da la'asar ya ce wa Rajjo, "Miƙo min farantin nan, 'yar baba." Yarinya ta kawo da gudu, har tana tuntuɓe. Ni kaina sai da na zauna.

Ya lashi bakin zaren, ya nufi hudar murjani, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Da ƙyar ya zura kaɗan, ya zo ƙulli, yatsun nan masu laushi kamar na jariri suka tsaya cak. Ya juya zaren dama, ya juya hagu, ƙullin ubanmu ya ƙi zuwa. Duwatsun suka watse a tabarma, Rajjo ta durƙusa tana tsinta, ba ta yarda ta kalle shi ba.

Gidan Mehru, wasu masu tuƙa na bayan masallaci, su suka shirya mata murjanin. Ranar biki ina gani uwar ango ta juya abin wuyan, ta taɓa ƙawarta da gwiwar hannu.

Gasita bai kai damina ba. Kafin ya rasu na je duba shi yana kwance, ya ce in ya tafi in kula masa da kakin, kada rana ta same shi. Na ciro shi daga randar na ɗora masa a ƙirji.

"Riƙe abinka, ɗan uwana," na ce. "Dutsen ma da aka rage masa rabi ya sami wuyan rigar da zai zauna. Kai ko ƙulli ɗaya ba ka bar wa 'yarka ba. Randar zan ɗauka, Rajjo ta sha ruwan sanyi a gidan mijinta."