Yadda Munkaila Ya Samo wa Karnukan Garinmu Iyayen Gida

Ranar da maƙwabcina Munkaila ya hau aduwa da burtu a ka, ni ban gani da idona ba. Mata bakwai ne suka gani, kuma kafin su sauke itacen da suka yiwo, labarin ya riga ya kai garin Tajaye.

Ga wanda bai san burtu ba: tsuntsu ne baƙi, babba, mai yawo a ƙasa, namun daji ba sa gudunsa. Maharbi kan sassaƙa irin kansa da itace ya ɗaura a goshi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa yana tafiya yana sarar ƙasa kamar mai kiwo, har ya kusanci nama. Munkaila ya ƙware a wannan. Ranar nan tun fitowar rana yake duƙe a fadamar da ke gabas da gari, yana lallaɓar wani namijin barewa. Saura taku kaɗan ya ɗaga bindiga, sai ga karnuka sun ɓullo daga cikin geza, sun fi goma. Barewa ta yi nata wuri. Karnukan suka waiga suka ga ƙaton tsuntsu mai ƙiba, wanda ba ya da alamar iya tashi.

Munkaila ya miƙe don su gane mutum ne. Ba su gane ba. Ya zura da gudu, burtu na rawa a goshinsa, zane na harɗe masa ƙafa. Icen da ya fi kusa aduwa ce, mai ƙaya kamar basilla, ya haye ta a haka. Rabin wandonsa ya tsaya a bakin wani jan kare. Nan ya zauna har hantsi, sai da matan nan masu neman itace suka kori karnukan da jifa. Tsohuwa Hamdiyya ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Munkaila, sauko haka nan, ko ƙwai kake yi?"

Darni ɗaya ya raba gidana da nasa, saboda haka na san shi tun muna yawo ba riga. Gajere ne, siriri, maganarsa ba ta da yawa. Aji biyu ya yi a lakwal, wato makarantar boko, mushe, malaminsu, ya sallame shi ranar da ya zo da bushiya a aljihu. Da ya girma ya tafi cirani Ikko, ya yi gadi shekara shida, ya dawo da keken ɗinki wanda har yau bai koyi taka shi ba. Kaji ke kwana a kai. Yana noman gero da wake kamar kowa. Amma abin da ya ɗauka sana'arsa shi ne harbi, da bindigar da ya gada wurin ubansa, ƴar ɗuri, mai harbi ɗaya. Kowace shekara sai ya hau moto, wato babur, ya je Illela ya sabunta takardarsa ta izinin harbi wurin ma'aikatan gandun daji. Ba ya harbin mace mai ciki ko mai goyo, ba ya harbin abin da ba zai ci ba. Shi ya sa ko a kan aduwar nan bai saki harsashinsa ba.

Akwai kuma wani dalili. Shekara biyu kafin nan wani maharbi ya bindige karen Jaje, Bafulatanin da ke da ruga a bayan fadama. Aka yi sanda, aka fasa kai biyu, jandarma suka zo. Mai gari ya rantse a gaban jama'a: in maharbi ya sake kashe karen wani, shi da kansa zai kira ƴan gandun daji su rufe dajin, su kwashe bindigogi, kowa ya huta.

To, ga inda maganar ta cije. Karnukan nan sun maida fadama gidan abincinsu. Da sassafe su haɗu su tafi, su kori barewa, da damina su cinye ƴaƴanta, su fasa ƙwan zabi. Garken da a da ya kai ashirin ya koma shida. In aka bar su, nama ya ƙare. In aka kashe su, a rufe daji. Ko ta ina, bindigar uban Munkaila za ta koma wurin keken ɗinki.

Kuma a garinmu kare ba ya da ubangida. Karnuka sun fi ashirin, amma je ka tambaya. Wannan ya ce maka na yara ne. Wancan ya ce biyo shi ya yi daga gona. Dattijo mai rawani, mai sahun gaba, ina zai buɗe baki ya ce yana da kare? Amma da almuru ka leƙa bayan rumbunsa, za ka ga kasko da ƙanzo da ruwan tuwo, ba kuma aljanu ake ajiye wa ba. Da an ce karnuka sun yi ɓarna, sai kowa ya nuna gabas ya ce na Fulani ne.

Kwana biyu da hawan aduwa, Munkaila na kwance rub da ciki matarsa Ummul Khairi na cire masa sauran ƙaya, sai ga Abarshi. Shi ma maharbi ne, ƙato, mai murya, wanda yake ganin shi ya kamata a ce babban maharban gari. Ina jin su ta darni.

"Sannu, tsuntsu," in ji shi. "Yaya fiffike?"

"Da sauƙi."

"To ni na gaji. Na sayo magani a kasuwar Konni. A barbaɗa a nama a watsa a fadama, kwana ɗaya mu huta da karnukan Fulanin ga."

"Maganin naka ya san karen wa zai ci?" in ji Munkaila. "Ungulu ma za ta ci, dila zai ci. In karen Jaje ya ci fa? Ka manta rantsuwar mai gari?"

"Wa zai ce ni ne?"

"Ba sai an ce kai ne ba. Maharba za a ce. Kuma ba na Jaje ba ne. Na bi sawunsu, daga gari suke fitowa."

Abarshi ya yi dariya ya ce kowa ya san ba mai kare a gari. Ya ce ya ba shi zuwa Juma'a. In aka sauko masallaci ba wata dabara, shi zai watsa abinsa, mai rufe daji ya rufe.

Washegari Munkaila ya ɗingisa har ruga. Jaje ya ba shi nono, ya saurare shi, ya ce, "Kaɗo, karnukana uku ne, kuma ba sa barin shanu. In sun bar shanu, dila ya shiga cikin ƴan maruƙa. Amma in na faɗa wa mutanenku haka, wa zai yarda?"

Gaskiyarsa. Sawu kuwa ba shaida ba ne; da ya hau hanyar amalanke sai ya ɓace cikin na awaki. Munkaila na bukatar abin da ko makaho za a ja hannunsa a nuna masa.

A tsakar gidansa ya same shi. Ummul Khairi masaƙiyar tabarma ce, ranar tana rina kaba da galura tsanwa. Ya tsaya yana kallon hannunta, ya ce, "Ummu, wannan in ya kama hannu, kwana nawa yake yi?"

"Mako, ko da sabulu."

"Ba ni rabi."

"Malam, kai da ba ka saƙa? Ko burtun za a sake wa launi don karnuka su ƙyale shi?"

Ya karɓi galurar, ya kwashe mata tsofaffin tukwane huɗu masu zurfi, waɗanda kan kare zai shiga ya fita. Ya je wurin mahauci ya samo kitse da ƙasusuwa da tumbi. Ya narka kitsen ya dama galura a ciki har ta yi kauri, ya shafe bakin tukwanen da wuyansu ta ciki, ya zuba ƙashi da tumbi can ƙasa. Wurina ya ari amalanke. Na tambaye shi ko walima zai yi musu don sun bar masa rabin wando. Ya ce, "Kusan haka."

Ran Juma'a, da aka sallame asuba, ya kai tukwanen bakin ruwan da barewa ke sha, ya binne su zuwa rabi don kada su kife, ya dawo gida ya sha kununsa, ya sa wankakkiyar riga ya zauna a ƙofa.

Da hantsi suka fara shigowa. Na farko jan nan ne mai rabin wando. Daga hanci har kafaɗa tsanwa shar, kamar an tsoma shi a miyar kuka. Ya wuce mu da ƙoshinsa, bai yi shawara da kowa ba, ya je ya miƙe a ƙofar Alhaji Hamani, mutumin da in kare ya gitta ta gabansa sai ya sake alwala. Na biyu ya shige ƙarƙashin teburin Hakim mai shago. Na uku da na huɗu suka tafi unguwar malamai. Ba zan faɗi ƙofar wa ba, tunda har yau muna gaisawa. Kafin azahar an ƙirga goma sha uku, goma sha ɗaya kowanne kwance a ƙofar da ya saba, biyu a mahauta.

Alhaji Hamani ya fito zai tafi masallaci, ya ga jama'a tsaye a ƙofarsa. Ya duba ƙasa. Ya ɗauki dutse ya ce, "Tafi can, la'ananne, karen wane ne wanga?" Kare ya juya ya ba shi ciki yana kaɗa wutsiya, yana jiran susa. Alhaji ya ajiye dutsen a hankali. Karen ya raka shi har bakin masallaci.

Da aka sauko, mai gari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ya aika aka kira Jaje, aka ce ya zo da karnukansa. Ya zo da su ukun, kowa ya duba, ko ɗigo babu. Jaje ya jingina da sandarsa yana bin dattawan gari da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar mai zaɓen saniya a kasuwa.

Munkaila ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ban kashe karen kowa ba, ban daki na kowa ba. Abinci na ba su, suka ci, kowa ya koma gidansu. Kare ba laifi gare shi ba, yunwa da sakaci ne. Abin da nake roƙo, mai kare shi riƙe abinsa."

Mai gari ya daɗe yana gyaran rawani, ina jin dariya yake dannewa. Sannan ya yanke: ƙofar da kare ya kwanta, nan ne gidansu, ba musu. Daga asuba zuwa hantsi kowa ya ɗaure nasa. Da damina, lokacin da barewa ke haihuwa, a rataya wa kowane kare guntun ice a wuya mai kaiwa gwiwa, ya iya tafiya da haushi amma ba ya iya kora. Wanda aka gani a fadama ba ice, ba a taɓa karen, ubangidansa za a kira. Guba kuwa, duk wanda aka samu da ita ya je ya yi wa jandarma bayani. Daji yana nan a buɗe. Biyun nan na mahauta, Jaje ya ɗauki ɗaya, Munkaila ya ɗauki ɗaya don gadin gonar wake.

Dokar tana nan har yau. Damina uku ke nan, bara an ƙirga barewa goma sha huɗu a fadama, ƴan gandun daji ma sun zo da mota sun duba. Amma ranar ba a tashi taro a nan ba, domin sai lokacin aka lura Abarshi bai zo ba, alhali ƙofarsa na cikin goma sha ɗayan.

Ana shirin aikawa sai ga shi, hannayensa duka biyu cikin aljihun riga. A bayansa wani kare jiƙe sharkaf, yana ƙamshin sabulu, kansa ya koma tsanwa mai haske. Abarshi ya yi sallama daga nesa zai zauna. Mai gari ya miƙa masa hannu. Mutum ba ya barin hannun mai gari a iska. Abarshi ya duba hagu, ya duba dama, ya zaro nasa. Tsanwa har gwiwar hannu.

Abarshi ya gyara murya ya ce, "Ranka shi daɗe, ba nawa ba ne. Gani na yi dabbar Allah ta lalace, tausayi ya kama ni, na wanke shi."

Munkaila ya juyo daga inda yake durƙushe ya ce, "Allah shi saka maka, Abarshi. Ga sauran goma sha biyu can suna jiran tausayinka. Sabulun ni zan kawo."