Ranar da Na Ari Muryar Kawu

Ni ce mai kula da kwamfutoci a kamfanin kawuna, wanda ke shigo da kayan gyaran mota Suame Magazin, unguwar makanikai. Da shekara ta zo ƙarewa, ya sa ranar taro, ya ce kowane shugaban sashe ya kawo abin da za a sa gaba baɗi. Ni abu ɗaya na riƙe: a daina fitar da kaya daga sito da saƙon murya. Haka muka saba, Kawu ya yi magana a waya, a buɗe ƙofa. Wa zai kira babba ya ce masa, "Kai ne kuwa?" A unguwarmu ta Zango rashin kunya ke nan.

Sau biyu ina gaya masa yanzu na'ura na kwaikwayon muryar mutum, yana dariya. "Ke dai da tsoro, 'yar boko!" Raina ya ɓaci, ni kuwa in na hau ba na neman shawara. Na tattara tsofaffin saƙonninsa na ba manhaja, ta ƙero mini muryarsa, har da gyaran muryar da yake yi kafin ya ce "to".

Da safen ranar taro na tura wa Baba mai sito saƙon daga baƙuwar lamba: direba na zuwa, a ba shi inji biyu. Baba aminin mahaifina ne, shi ya yi mini huɗuba. Kafin in gama shan koko an ɗora injinan a motar da na tura.

A taro na kunna saƙon, kowa ya ji.

Kawu ya ce, "Yaushe na faɗi wannan?"

"Ba ka faɗa ba, Kawu. Ni na haɗa."

"Kuma an fitar?"

Sai a lokacin na ga Baba zaune daga gefe. Wallahi ban tuna da shi ba, ni dai a yarda da maganata. Na so in yi ƙarya, ya riga ni.

"Na fitar, Alhaji. Muryarka na ji."

Nan take Kawu ya yanke: daga yau sai an kira shi an tabbatar. Abin da na zo nema na samu, amma sai Baba ya miƙe ya ajiye makullan sito a kan tebur.

"Haba, zauna mana," in ji Kawu. "Wa ya ga laifinka?"

"Da kunnen nan nake aiki, Alhaji, ga shi an nuna wa kowa ya gama amfani."

Ya juyo ya dube ni, ba faɗa, ba ɗaga murya.

"'Yata, ai da kin same ni a sito, mu biyu."

Bai sake dawowa aiki ba. Har yau in na gaishe shi a layinmu yana amsawa, amma ba ya tsayawa.